Zagaye Arba'in Daga Filin Gabas

Shekarar da ruwan dam ya cika har ya shanye tsohon burtalin da shanun Rogo suke bi zuwa kasuwar Karaye, a shekarar na fara aikin filin jirgi. Lokacin ban iya rubutu ba, don haka ban riƙe lambar shekarar ba, amma duk sa'ana a ƙasar nan ya san wadda nake nufi. Masu gina dam ɗin ne suka share wani dogon fili, suka zuba masa jar marmara suka daddanne, saboda ƙaramin jirginsu. Da suka gama suka tafi, filin ya koma hannun masu feshin tsuntsu.

Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa, ran Juma'ar nan ne a teburin mai shayi ɗan ƙanwata Nura ya latsa wayarsa ya miƙo mini ita a gaban abokansa.

"Kawu, ga shi nan. Daga nan zuwa bayan Haɗeja a ƙaramin jirgi awa ɗaya da kwata ne. To ku me kuke yi a filin tun safe? Gadin iska?"

Suka kwashe da dariya. Na ce su bari, zan rubuta musu, tunda yanzu hannuna ya fara sakewa.

Ga wanda bai san jan baki ba, tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, amma ba ya zuwa shi kaɗai. In suka taso sai ka zaci hadari ne. Da rana suna warwatse a gonaki, ba abin da za ka yi musu sai ihu da gwangwani da majaujawa. Da faɗuwar rana ne suke taruwa wuri guda su kwana, cikin ciyawar kacala a bakin ruwa ko cikin sarƙaƙƙiyar ƙaya. Wannan wurin muke kira makwanci, kuma nan jirgi yake samunsu. Lokacin da yake da shi kaɗan ne, daga shigarsu zuwa rufewar duhu, bai wuce a yi alwala a yi magariba ba. Saboda haka makwanci ɗaya ake fesawa a yammaci ɗaya. Jirgin kuma ba a wajenmu yake zaune ba. Yana can wani fili irin namu a gabas, bayan Haɗeja, bakin fadama, inda tsuntsun ya fi yawa. Mu dai filin gabas muke ce masa. Ban taɓa taka shi ba har yau.

Aikin farko da aka ba ni shi ne tafiya. Maigidana Baba Tanko, mutumin Jajaye, wanda ya yi leburanci da masu gina dam, ya miƙa mini kwando ya ce in bi filin daga wannan kai zuwa wancan in tsinto duk abin da bai kamata ya kwana a kansa ba. Na dawo da duwatsu da kashin shanu, ina jin na yi aiki. Bai ko leƙa kwandon ba. Ya kama hannuna ya kai ni tsakiyar fili, ya nuna mini wani ɗan tudu da bai kai dunƙulen hannu ba. Sabon suri ne, gara ta tayar da shi cikin dare. Ya taka gefensa da dunduniya, ƙasa ta lotsa.

"Idon manomi ne da kai, ciyawa kawai yake nema," in ji shi. "Ka nemo idon taya."

Wata uku na yi ina wannan tafiyar safe da yamma kafin ya yarda na taɓa ganga.

Kayan aikinmu ba su da yawa, duk suna cikin ɗaki ɗaya na bulo mai rufin kwano da muke kira ɗakin ganga. Akwai famfon hannu da ake zura wa ganga. Akwai mazurari babba da aka shimfiɗa wa wata fata mai laushi, fetur ya wuce ta cikinta amma ruwa ba ya wucewa. Akwai sanda mai tsaga-tsaga ta auna tanki, da weji biyu na katako da ake tokare taya, da jajayen tutoci, da rediyon oba-oba mai batirin mota. A waje kuma akwai dogon ƙarfe mai ɗauke da buhun iska, wanda matuƙi yake kallo daga sama ya san inda iska ta nufa. Kowace shekara wani tela a kasuwar Karaye yake ɗinka mana sabo, kuma kowace shekara sai ya tambaya wane ƙato ne mai ƙafa ɗaya muke ɗinka wa wando.

Zuba fetur shi ne aikin da na fi daɗewa ina koyo. Kafin ɗigo ɗaya ya shiga jirgi, sai an tsiyayi na ƙasan ganga a farar kwalba an ɗaga ta ga rana. In akwai ruwa, za ka gan shi ya dunƙule a ƙasa kamar ƙwayar tsakiya. Ranar da na fara yi ni kaɗai na ce babu komai. Baba Tanko ya karɓi kwalbar ya karkata ta, sai ga ƙwayar nan ta mirgino. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in mota ta sha ruwa, direba ya gangara gefen titi ya tsaya, amma in faɗa masa inda gefen titin yake a sama.

Sai kuma ƙirga, wadda ita ce asalin labarin nan. Daga ni har Baba Tanko babu mai ɗaura agogo. In oba-oba ta yi ƙara aka ce daga gabas, "Ya tashi," sai Baba ya zauna a inuwar ɗakin ganga ya ɗauko carbinsa da gwangwanin madara da tarin tsakuwa. Duk zagaye ɗaya na istigfari, tsakuwa ɗaya a gwangwani. In ta kai talatin, in tashi in kori awaki da shanu, in bi filin bi na ƙarshe. In ta kai talatin da biyar, in kunna ɗanyen ganye a bakin fili don matuƙi ya hango hayaƙi. A ta arba'in za ka ji shi, siririn kuka kamar na zanzaro, ta saman kukar da take gabas da mu.

"Nisan filin gabas zagaye arba'in ne," haka ya koya mini. "In ka sami arba'in da biyu, harshenka ne ya yi gaggawa."

Yakan ce duk faɗin Karaye da Rogo babu masu istigfari kamarmu, kuma mu kaɗai ne hukuma take sa mu yi. Na gwada ƙirgar nan ba sau ɗaya ba, ba sau hamsin ba, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Haka fetur: ganga ɗaya muke tanada. Jirgi ya sauka da fiye da rabin tanki, a ƙara masa ya fesa makwanci biyu a yammaci biyu, a juye masa ragowar ya koma gida.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, jirgin gabas da rani kaɗai yake zuwa mana, lokacin alkama da shinkafar ban ruwa. Da damina wani ne yake zuwa daga Kano, kafin ka yi zagaye goma ya iso, kuma bai taɓa neman fetur a wajenmu ba.

Matuƙin jirgin gabas Kyaftin Bulus ne, mutumin Filato, gajere mai son gasasshiyar masara. Injiniya yake kirana, tun ina bin fili da kwando. Ranar da zai zo, filin nan kamar kasuwa yake. Manoma su zo da zabi da ƙwai da goro, kowa yana rantsuwa cewa tsuntsun da yake bayan gonarsa ya fi na kowa yawa. Akwai wata tsohuwa daga Yammedi da ba ta fashi, 'yarta tana aure a Haɗeja, kullum da ƙullin daddawa da kuka take tarar Kyaftin.

"Ɗan nan, in ka zo saitin gidan ka jefa mata. Mai darbejiya biyu a ƙofa."

"To Iya, in ya faɗa gidan maƙwabta fa?"

"Ai sun san daddawata, za su kai mata."

Yakan karɓa, kuma an ce da ƙafarsa yake kaiwa. Bayan feshi kuma aikinmu bai ƙare ba. Washegari sai mun bi ƙauyuka da sanƙira ana shela kada a ci tsuntsun da ya mutu, kada a shayar da dabba a wurin har kwanaki. Mu tara gawar da manjagara mu binne. Duk da haka sai ka kama wani da buhu, ya ce wai wannan da kansa ya mutu.

A ranin ƙarshe da Baba Tanko ya yi da mu, wata rana Kyaftin ya ɗauki gawayi ya shiga ɗakin ganga ya yi rubutu layi biyu a bango.

"Baba, wata rana za a turo ni da damina. In ranar ta zo, ga lissafin nan, ku duba."

Baba ya ce, "Allah ya kai mu." Shi ma ba ya karanta boko. Ni kuma ina juya famfo, ban tambaya ba. Bayan nan idon Baba ya yi rauni, ya koma Jajaye, bai shekara ba Allah ya yi masa rasuwa. Filin da carbin da gwangwanin suka dawo hannuna.

Shekarar da rana ta yi husufi har kaji suka nufi akurki da hantsi, ba a yi sati biyu da husufin ba aka aiko cewa manya za su zo ganin girbin alkama, kuma za su biya ta filinmu. Kun san yadda muke yi in manya za su zo. Aka kawo mini buhun farar ƙasa. Na shafe duwatsun bakin fili ɗaya bayan ɗaya, na shafe gindin bishiyoyi, na shafe ɗakin ganga ta waje. Da na ga ta yi saura, na shiga ciki. Na tsaya a gaban rubutun nan, na ga bai dace manya su shigo su tarar da baƙin gawayi a bango ba. Shafin farko bai rufe shi ba, sai da na yi na biyu. Manyan suka zo, suka tsaya a cikin mota suka ɗaga mana hannu, suka wuce. Babu wanda ya shiga ɗakin.

Daminar shekarar ta yi kyau, gero ya yi yadda muka daɗe ba mu gani ba. Yana fara zuba ido, tun yana ruwa-ruwa, jan baki ya sauka. Kwana huɗu na yi ina zagayawa a keke da yamma har na gano makwanci biyu. Ɗaya cikin kacala ta wajen Yammedi, babba ƙwarai, kara har karyewa yake. Ɗayan cikin ƙaya ta wajen Kurugu, bayan unguwarmu, bai fi jifa uku daga gonar Kawu Idi ba, wan mahaifiyata, wanda a gidansa na tashi. Jirgin Kano kuwa yana ƙasa, ana jiran wani ƙarfensa.

Sai oba-oba ta yi ƙara, na ji muryar Kyaftin.

"Injiniya! An ba ni yammaci biyu a wajenku, Laraba da Alhamis. Ka duba bango ka shirya mini yadda na rubuta."

Na juya na kalli bangon, fari fat. Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Nura, wannan "to" ɗin ka riƙe shi. Haka muka tashi, babba ya yi magana ka ce to, sauran ka ji da shi daga baya. Kuma a raina na ce me rubutu zai faɗa mini wanda carbi bai faɗa ba? Hanyar kasuwa ba ta ƙara tsawo don an shiga damina. Da Malam Sabo mai sito ya kira daga Kano yana tambayar ganga nawa zai ɗoro mini, na ce ɗaya.

"Ka tabbata, Hamisu? Sauran duk gabas zan tura su yau."

"Malam, shekara goma sha uku ina aikin nan. Ɗaya ce."

Ran Laraba bayan azahar aka ce ya tashi. Na zauna da gwangwani. A talatin na kori awaki. A talatin da biyar na kunna hayaƙi. Arba'in ta cika, na ɗaga kai wajen kuka, babu komai sai baƙin hadari can ƙasa-ƙasa. Na ci gaba. Arba'in da biyar. Hamsin. Ganyen hayaƙi ya cinye, na ƙara wani. Fili ya cika da mutane, Kawu Idi yana gaba riƙe da zabi biyu ɗaure da ƙafa.

"Hamisu, ko carbin naka ne ya tsinke?"

Tsakuwata ma ta ƙare sai da na tsinci wasu. A zagaye na sittin da uku muka ji shi, kuma ba ta gabas ya ɓullo ba, ta arewa.

Kyaftin ya sauko rigarsa jiƙe da gumi. Bai tsaya gaisawa ba, ya karɓi sanda ya zura a tanki ya zaro. Tsaga ɗaya ce ta jiƙe. Ya kalli gangar da na mirgino.

"Ina ta biyun?"

Ya wuce ni ya shiga ɗakin ganga, na bi shi. Ya daɗe a tsaye a gaban bangon.

"Ya yi kyau kuwa," in ji shi. "Wa ya shafa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Da na yi maka magana a rediyo, me ya hana ka faɗa mini?"

Bai jira amsa ba. Ya fito ya tsuguna ya zana mini a ƙasa da yatsa. Ga filin gabas, ga namu. Ƙasar da take tsakani ba ta ƙaru ba. Amma da rani iska tana bayansa, ita take turo shi, da damina kuma ta juya tana dukan goshinsa. Ga hadari biyu da ya tarar a hanya, ba a ratsa su, kewaye su ake yi, shi ya sa ya ɓullo ta arewa. Kuma da damina ba zai tashi komawa ba sai da tanki cike, domin yana iya isa ya tarar ruwa ya rufe filin gabas, dole ya nemi wani. Layi na sama a bangon rani ne, ganga ɗaya. Na ƙasa damina, ganga biyu.

Na kira Malam Sabo. Ya ce ko kofi babu, motar ta isa gabas tun shekaranjiya.

"In na ware na komawa, abin da ya rage na makwanci ɗaya ne," in ji Kyaftin. "Kai ka zagaya su, Injiniya. Wanne ya fi?"

Duk wanda yake wurin ya ji tambayar. Mutanen Yammedi suna gefe guda, namu suna gefe guda. Kawu Idi ya matso har ina jin numfashinsa.

"Ɗan nan, geron gonar nan ka ci ka kai haka."

Rana ta riga ta yi ja, tsuntsu ya fara wucewa ta kanmu layi-layi. Na ce, "Na Yammedi ya ninka namu uku."

Kawu ya ajiye zabin a gindin tayar jirgi, ya ce wa Kyaftin, "Ka sha hanya, ga na miya," ya juya ya kama hanyar gida. Ni kuma na ɗauki tutoci na hau keke na nufi Yammedi don in nuna wa jirgi makwancin. Feshin ya yi kyau, kwana biyu muna binne tsuntsu. Da asubar Alhamis jirgi ya koma gabas. Sai bayan kwana goma sha tara aka sake samun fetur da rana aka turo shi, lokacin tsuntsun namu ya gama abin da ya kawo shi ya ƙara gaba.

Kyaftin bai kai ƙarata ba. Da ya dawo ya sake ɗaukar gawayi, amma ni ya miƙa wa. Ya sa na zana rana da ganga ɗaya a ƙarƙashinta, na zana hadari da ganga biyu. Ya ce in manya za su zo, in shafe ko'ina har buhun iska, ban da nan. Mun ƙara shekara huɗu tare, daga nan jirgin ya daina zuwa. Aka kwashe oba-oba da famfo, iska ta ɗauke kwanon ɗakin, yanzu masara ake shukawa a filin, ko da yake manomin yana ƙorafin marmara tana cinye masa garma. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci na gane cewa layi biyun nan ba su fi kalma shida ba. Duk yaron firamare da yake wucewa ta bakin fili da na kira shi da ya karanta mini.

Saboda haka Nura, awa ɗaya da kwata ɗin wayarka ba ƙarya ba ce. Ita ce zagaye arba'in ɗin Baba Tanko. Ka dai tambaye ta wane wata take nufi, kuma ina iska ta dosa.

Da aka yi girbi a shekarar, Kawu Idi ya aiko a kira ni gona. Na tarar da shi zaune a kan kunya.

"Zo," in ji shi. "Kai ne gwanin ƙirga."

Na ƙirga. Gonarsa da take ba da dami sittin da wani abu, bakwai ta bayar. Tawa mai ashirin, uku. Gida goma sha ɗaya ne a unguwarmu, babu wanda hatsinsa ya kai shi tsakiyar rani. Bijiman huɗa biyu na Kawu sun tafi kasuwa. Samari huɗu sun tafi cirani, biyu ba su dawo da zama ba har yau. Irin geron da muka gada daga kakanmu, mai dogon kai, an daka shi an ci kafin ruwa ya sauka, ba mu sake samun irinsa ba. Gangar da ban nema ba kuwa, ɗaya ce.